Agwagwar da Ta Ɓoye Bakinta: Nazarin Yadda Aka Tantance Mai Bakin Shebur a Cikin Garke

Lamarin ya faru ne a farkon watan Oktoba, a wani tafki mara zurfi mai laka da dogayen ciyayi a gefensa, irin tafkunan da agwagin daji ke yada zango a kansu idan sun taso daga arewacin Turai da Asiya sun nufi kudu. Mutum biyu ne ke ƙidayar tsuntsayen ruwa a wurin, ɗaya ya daɗe a wannan aiki, ɗayan kuma bai jima da farawa ba. A kan wani tudun laka da ke da nisan kimanin mita 80 daga inda suka kafa na'urar hangen nesa, akwai garken agwagi iri daban-daban, yawancinsu malad, wato *Anas platyrhynchos*, sai kuma 'yan ƙananan til da wasu gadwal. A gefen garken akwai wata agwagwa mai launin ƙasa tana barci a tsaye kan ƙafa ɗaya, ta juya kai ta cusa bakinta cikin gashin bayanta. Sabon mai ƙidayar ya rubuta ta a matsayin macen malad ya wuce. Abokin aikinsa ya nemi a dakata da wannan hukunci, domin a ganinsa akwai abin da bai yi daidai ba a ƙirar jikinta, ko da yake a lokacin bai ambaci sunan wani jinsi ba.

Kuskuren da aka so a yi ba na ganganci ba ne. Matan kusan dukan agwagin da ke kiwo a saman ruwa launinsu ɗaya ne idan an hango su daga nesa, wato ruwan ƙasa mai dabbare-dabbare, saboda mace ce ke kwanci a kan ƙwai a cikin ciyawa kuma tsirarta ya dogara ga kada a gan ta. Bugu da ƙari, daga tsakiyar shekara zuwa watannin ƙarshenta toraye ma sukan zubar da gashinsu mai ado su sake wani mai kama da na mata. Littattafan gane tsuntsaye kuwa sun fi fito da hoton toro cikin cikakken adonsa, shi ya sa mai koyo yakan iso bakin tafki da wannan hoto a kansa, sai ya tarar rabin tsuntsayen da ke gabansa ba su yi kama da komai a littafin ba. Idan ya rasa ta cewa, sai ya jingina kowace agwagwa mai launin ƙasa ga jinsin da ya fi yawa a wurin.

Agwagwa mai bakin shebur ta arewa, wadda ita ce ake zargi a wannan lamari, masanin halittu Carl Linnaeus ne ya fara bayyana ta a kimiyyance a shekarar 1758 da sunan *Anas clypeata*. Bayan binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa rukunin *Anas* ya ƙunshi tsatso fiye da ɗaya, an mayar da ita rukunin *Spatula*, inda take tare da wata ƙaramar agwagwa da ake kira gargani da til mai shuɗin fiffike na Amurka, kuma wannan dangantaka za ta sake tasowa a gaba domin daga cikinta ne ruɗani mafi wuya ya fito. Tsawon jikinta yakan kai santimita 44 zuwa 52, faɗin fukafukanta idan ta buɗe su santimita 70 zuwa 84, nauyinta kuma yana kewayen giram 600. Tana hayayyafa a arewacin Turai da Asiya da yammacin Amurka ta Arewa, idan sanyi ya shigo kuma ta gangara kudancin Turai, da Indiya, da kudu maso gabashin Asiya, da Amurka ta Tsakiya, da kuma Afirka, inda ake samunta a bakin kogin Senegal, da fadamun kogin Neja na ƙasar Mali, da Tafkin Chadi, da tafkunan Habasha da Kenya.

Toron wannan jinsi, idan ya cika ado, ba ya ba da wahala. Kansa kore ne mai duhu da sheƙi, ƙirjinsa fari fat, kwiɓinsa da cikinsa ruwan makuba, idonsa rawaya, bakinsa baƙi. Toron malad ma koren kai ne da shi, amma launukan jikinsa a juye suke: ƙirjin ne mai duhu ruwan makuba, kwiɓin kuma toka-toka mai haske, ga siririn farin zobe a wuya, ga baki rawaya, ga 'yan gasu baƙaƙe da suka lanƙwashe a saman wutsiya. Sheldak, wato *Tadorna tadorna*, ita ma tana haɗa koren kai da fari da ruwan makuba, sai dai ta fi girma nesa ba kusa ba, bakinta ja ne, kuma ruwan makubar ɗamara ce kawai da ta zagaye ƙirji. Duk wannan bai taimaka wa masu ƙidayar nan da komai ba, domin tsuntsuwar da ke gabansu ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan launuka a fili.

Abin da aka fara dubawa shi ne girma. An yi sa'a akwai malad guda biyu a tsaye kusa da ita a kan laka ɗaya, a nisa ɗaya, kuma ta fi su ƙanƙanta a fili, ga gajeren wuya da jiki a dunƙule. Malad tana kai santimita 50 zuwa 65. A ɗaya gefen kuma ta fi 'yan til ɗin girma sosai, su da ba su wuce santimita 34 zuwa 38 ba. Ya kamata a yi taka-tsantsan da wannan hujja, saboda girman tsuntsu shi kaɗai a fili abu ne da ido ke yawan yin ƙarya a kansa, kuma na'urar hangen nesa tana sa tsuntsun da ke baya ya zama kamar ya fi na gaba girma. Girma yana zama shaida ne kawai idan akwai sanannen tsuntsu kafaɗa da kafaɗa da wanda ake tambaya a kansa, kamar yadda aka samu a nan. Duk da haka, akwai ƙananan malad, musamman waɗanda suka gauraya da agwagin gida, don haka wannan bai isa ya kore ta daga cikinsu ba.

Ƙafar da take tsaye a kai ta fi ba da haske. Laka ta ɓata ƙasan ƙafar, amma daga gwiwa zuwa sama ana ganin launin ruwan goro sarai. Wannan kaɗai ya fitar da jinsi uku daga lissafi, domin agwagwa mai tsinin wutsiya, wato *Anas acuta*, da gargani, da til, dukansu ƙafafunsu toka-toka ne. Saura malad, da gadwal, da mai bakin shebur. Gadwal, wato *Mareca strepera*, tana da farin ciki wanda ake gani da kyau idan tana tsaye a tudu, kuma sau da yawa ɗan farin tambarin fiffikenta, wato facin launin da ke gefen baya na fiffike, yakan leƙo ko da fiffiken a rufe yake. Wannan tsuntsuwa kuwa cikinta mai duhu ne har zuwa tsakanin ƙafafu, yana ɗan ja-ja, kuma babu wani fari a bayan fiffiken. A nan aka ajiye batun gadwal.

Fuskar ta ƙara nisanta ta da malad. Macen malad tana da baƙin layi da ya ratsa ido, da gira mai haske a samansa, da kumatu masu launin ƙasa mai haske, ta yadda kan ya fi jiki haske. Wannan kuwa kanta ya fi jikinta duhu, toka-toka ne mai ɗaukar baƙi, babu wani layin ido da ya fito, sai wani ɗan haske mara tsari a gaban ido kusa da gindin baki. Tsohon mai ƙidayar ya lura da wannan ya riƙe shi a zuciya, kuma daga baya ya zama mabuɗin tambaya ta biyu.

Da tsuntsuwar ta farka, ba ta warware gardamar nan take ba, sai ma ta ƙara ta. Ta ɗago kai tana fuskantar masu kallo kai tsaye, kuma baki idan an kalle shi daga gaba yakan gajarce a ido, tsawonsa ya ɓace, faɗinsa kuma ya zama kamar na kowace agwagwa. Sabon mai ƙidayar ya ga launin ruwan goro a gefen bakin da duhu a samansa, ya ce ai wannan shi ne bakin macen malad kamar yadda littafi ya zana. Bai yi ƙarya ba game da launin. Macen malad, da macen gadwal, da macen mai bakin shebur, dukansu suna da ruwan goro a baki gwargwado, shi ya sa launin baki ke cikin alamomi mafi rauni a tsakanin waɗannan uku. Sai da ta juya kai gefe, ta taka zuwa ruwa, sannan ƙirar bakin ta bayyana: ya fi kan kansa tsawo, siriri ne a gindi, yana faɗaɗa har ƙarshensa ya kusan ninka gindin, kuma layin da ya taso daga goshi zuwa ƙarshen baki ya miƙe kusan ba tare da wani tudu ba. A malad baki bai wuce tsawon kai ba, kuma gefunansa biyu suna tafiya kusan daidai daga gindi har ƙarshe.

Wannan baki, wanda tsawonsa ya kai santimita 6 zuwa 7, kayan aiki ne na tace ruwa, kuma fahimtar aikinsa tana sa a gane tsuntsun ko da ba a ga bakin da kyau ba. A gefunan bakin akwai jerin 'yan siraran ƙayoyi kimanin 110, a jere kamar haƙoran mataji, waɗanda suka fi na sauran agwagi tsawo da matsewa, har akan hango su daga kusa ko da bakin a rufe yake. Tsuntsun yana zuƙar ruwa ta ƙarshen baki, harshe ya tura shi ya fita ta gefe, ƙayoyin su riƙe ƙananan halittun ruwa masu ɓawo, da tsutsotsin ƙwari, da 'yan mitsi-mitsin dodon koɗi, da ƙwayoyin ciyayi. Saboda haka ne ya fi son ruwa mara zurfi mai laka mai yalwar irin waɗannan halittu, kuma ba safai ake ganinsa yana kiwo a gona ko a kan ciyawa ba kamar yadda malad ke yi.

Abin da aka gani a kan ruwa ya yi daidai da haka. Da shigarta, gaban jikinta ya nutse ƙasa fiye da bayan, wuyan ya shige cikin kafaɗu, bakin kuma ya sunkuya yana kallon ruwa kamar nauyinsa ya rinjaye ta. Daga nan ta miƙa wuya a saman ruwa, ta nutsa rabin baki, ta yi ta tafiya a hankali tana kaɗa shi hagu da dama ba tare da ta ɗago ba na tsawon lokaci. Malad ɗin da ke kusa suna ta kifa kai ƙasa suna ɗaga wutsiya sama don su kai ga tsiron da ke ƙasan ruwa, ita kuwa ba ta yi haka ba ko sau ɗaya a lokacin da ake kallonta. Mai bakin shebur takan kifa kai jefi-jefi, don haka ganin ta yi hakan ba ya kore ta, amma doguwar tafiya da baki a ruwa ɗabi'arta ce da ba a cika samun wata agwagwa mai girmanta tana yi ba. Akwai kuma wata ɗabi'a da ba a gani ba a ranar amma ta cancanci ambato, domin ana hango ta daga nisan da launi ba ya ganuwa: idan suna da yawa sukan taru su yi ta zagaye a wuri ɗaya, kowace bakinta a bayan ta gabanta, motsin ƙafafunsu yana taso da abinci daga ƙasa. Wani lokaci biyu kawai ke yin wannan juyi, kai da wutsiya. A ra'ayin mai wannan rubutu, zaman tsuntsu a kan ruwa da yadda yake ci sun fi launi amfani ga mai ƙidaya, domin ba sa canzawa da wata, ba sa canzawa tsakanin mace da namiji, kuma hasken rana ba ya ɓata su.

Shaidar da ta rufe batun jinsi ta zo ne lokacin da ta tsaya gyaran gashi, ta miƙa fiffike ɗaya ƙasa ta buɗe shi. Gaban fiffiken, wato kafaɗarsa, shuɗi ne mai haske, bayansa akwai farin layi mai faɗi, sai tambari kore mai sheƙi, kuma gefen baya na tambarin ba shi da fari. A malad kafaɗar launin ƙasa ce ko toka, tambarin shuɗi ne mai ɗaukar shunayya, an kewaye shi da farin layi gaba da baya. A gadwal tambarin fari ne. A macen mai tsinin wutsiya launin ƙasa ne da farin layi a baya kawai. Gargani ce ke da kafaɗa mai haske irin wannan, amma tata ta fi karkata ga toka, kuma tambarinta yana da fari a gaba da baya, ban da cewa ƙafa da girma da baki sun riga sun fitar da ita. Sabon mai ƙidayar ya soke abin da ya rubuta, ya sa macen mai bakin shebur.

Nan ma abokin aikinsa bai amince ba, kuma wannan kashi na lamarin ya fi na farko koyarwa. Idon tsuntsun rawaya ne, ana ganinsa ƙarara a cikin duhun kai duk lokacin da rana ta haske shi. Idon mace launin ƙasa ne, ko da yake wasu matan nasu yakan ɗan yi haske. Shuɗin kafaɗar ma ya yi tsabta da yawa, domin na mace dusashe ne mai ɗaukar toka, farin layinta siriri, korenta kuma ba ya sheƙi haka. Idan aka haɗa waɗannan da duhun kai da aka lura da shi tun yana barci, da jan da ke cikin launin kwiɓi da ciki, sai a ga cewa ba mace ba ce, toro ne da ke cikin gashin ɓuya.

Bayanin wannan gashi yana cikin yadda agwagi ke sake fukafukai. Yawancin tsuntsaye suna zubar da manyan gasun fiffike ɗaya bayan ɗaya, suna ci gaba da tashi. Agwagi kuwa suna zubar da su gaba ɗaya bayan lokacin hayayyafa, su yi makonni uku zuwa huɗu ba sa iya tashi. Kafin wannan lokaci na hatsari toro yakan sauya gashin jikinsa mai ado da wani dusashe, ya shige cikin ciyayi. Abin da ba ya sauyawa shi ne tsarin launin fiffike da launin ido, kuma su ne ke tona asirinsa. Baki yakan ɗan sauya: baƙin bakin toron mai bakin shebur yana dusashewa ya ɗauki ruwan goro a gefe, wanda shi ne ya yaudari sabon mai ƙidayar tun farko. Toron malad a irin wannan hali yana riƙe bakinsa rawaya mai ɗaukar kore, babu duhu a samansa, kuma da haka ake raba shi da macensa.

Lokacin shekara ma ya goyi bayan wannan fassara. Torayen malad suna saurin komawa ado, har a watan Oktoba yawancinsu sun gama, kuma haka aka gani a tafkin, inda kawunansu kore suke ta sheƙi. Mai bakin shebur yana cikin masu jinkiri, sau da yawa sai Disamba ko bayanta yake cika, kuma a tsakani yakan bi ta wani yanayi na gauraye wanda ba shi da kyan gani. Da aka ƙara ƙarfin na'urar aka duba da kyau, an ga alamun wannan yanayi: 'yan fararen gasu sun fara ɓullowa a gefen ƙirji a tsakanin masu dabbare, wasu gasun kwiɓi sun fito ruwan makuba zalla babu zane, hasken nan na gaban ido kuma ya ɗauki siffar lanƙwasa daga goshi zuwa haɓa.

Wannan lanƙwasa ta jawo tambayar da ya wajaba a amsa kafin a rufe littafi. Farar lanƙwasa a gaban ido ita ce babbar alamar toron til mai shuɗin fiffike, *Spatula discors*, tsuntsun Amurka da kan ɓace hanya jefi-jefi ya faɗo Turai, kuma idan ya faɗo ana yawan samunsa cikin garken masu bakin shebur. Fiffikensa kusan iri ɗaya ne da nasu, shuɗiyar kafaɗa da koren tambari, don haka hoton fiffike kaɗai ba zai raba su ba. Abin da ke raba su shi ne girma da baki da ido: til ɗin tsawonsa kimanin santimita 40 ne, bakinsa baƙi ne madaidaici ba shi da faɗi a ƙarshe, idonsa mai duhu, ƙafafunsa rawaya-rawaya. An kuma san jinsunan biyu suna barbara da juna, 'ya'yan su fito da lanƙwasa a fuska da baki mai matsakaicin faɗi, galibi da ɗigo-ɗigo a ƙirji da kwiɓi. Tsuntsun da ake nazari bakinsa cikakke ne, girmansa cikakke, lanƙwasarsa dusashiya ce mai gauraye da duhu ba farar da aka zana da kyau ba, kuma irin wannan abu ne da aka saba gani a torayen jinsin a wannan lokaci. Babu dalilin neman bayani mai wuya alhali mai sauƙi ya gamsar.

Akwai wasu masu bakin shebur uku a duniya, kuma an ambace su a tattaunawar a taƙaice saboda tsuntsayen da ake kiwo don ado sukan kuɓuce su shiga cikin na daji. Ta Ostireliya da New Zealand, *Spatula rhynchotis*, toronta yana da kai toka-toka mai shuɗi da farar lanƙwasa a fuska, kuma ita ce ta fi kama da toron arewa mai sauya gashi. Ta kudancin Afirka, *Spatula smithii*, launin ƙasa ce mai duhu duk shekara, bakinta baƙi, kan toron ya fi jikinsa haske. Ta Amurka ta Kudu, *Spatula platalea*, toronta ja-ja ne mai baƙaƙen ɗigo da kai mai haske. Tsuntsun tafkin ba shi da zobe a ƙafa, fukafukansa cikakku ne, yana tsoron mutane kamar sauran, kuma yana wurin da jinsinsa ke bi a watan da suke bi.

Batun shekaru ne ya rage. Toron da aka ƙyanƙyashe a bana shi ma yana fara kama da mace, idonsa yana komawa rawaya a hankali cikin watannin ƙarshen shekara, don haka launin ido bai isa ya nuna babba ba ne. Ana duba abu biyu. Na farko shi ne kafaɗar fiffike, wadda a ɗan bana ba ta kai ta babba tsabtar shuɗi ba, farin layin ma bai kai faɗi ba. Na biyu shi ne gashin wutsiya, domin a 'yan agwagi ƙarshen kowane gashi yana da ɗan tsagu inda gashin jarirai ya karye ya faɗi, na manya kuwa yana ƙarewa da tsini ko zagaye lafiyayye. Daga mita 80 ba a iya ganin wutsiyar da wannan daki-daki ba, hotunan da aka ɗauka ma ba su fito da ita ba. Fiffiken da tsananin rawayar ido sun karkata ga babba, kuma a haka aka tsaya, ba a wuce abin da shaida ta nuna ba.

Daga baya wani shaho ya ratsa ta saman tafkin, garken ya tashi gaba ɗaya, sai aka sami damar ganin tsuntsun a sama. Ya tashi tsaye daga ruwa ba tare da gudu a kansa ba, fukafukansa suna wata ƙara mai kama da kaɗawa wadda torayen wannan jinsi ke yi a lokacin tashi. A sama tsawon baki da kai ya sa fukafukan suka zama kamar an dasa su can baya a jiki, cikinsa mai duhu ya bambanta sarai da farin ƙarƙashin fiffike, shuɗin kafaɗa kuma yana walƙiya duk lokacin da ya karkata. Bugun fiffikensa ya fi na malad sauri.

A takardar ƙidaya an rubuta: mai bakin shebur ta arewa, namiji, cikin sauya gashi daga na ɓuya zuwa na ado, mai yiwuwa babba, tare da jerin alamomin da aka gani da ido da waɗanda hoto ya tabbatar. Da tsuntsun bai farka ba har aka tashi, abin da ya dace a rubuta shi ne agwagwa da ba a tantance ba, mai yiwuwa mai bakin shebur, domin girma da ƙafa da launin ciki sun rage zaɓi amma ba su yanke hukunci ba. Wannan tsanani yana da dalili. Ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda ake gudanarwa kowane watan Janairu tun 1967 kuma ƙungiyar Wetlands International ke haɗa sakamakonta, ta dogara ne ga abin da masu ƙidaya ke rubutawa a bakin ruwa, kuma da waɗannan alƙaluma ake auna ko wani dausayi ya cancanci kariya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971 kan kare dausayoyi, inda ɗaya daga cikin ma'aunan shi ne wuri ya riƙa ɗaukar kashi 1 cikin 100 na al'ummar wani jinsi. Kuskuren da ake yi kullum yana tafiya ne ta fuska ɗaya: jinsin da ya fi yawa yana haɗiye wanda bai kai shi ba, lissafin malad ya kumbura, na mai bakin shebur ya ragu.

Da garken ya dawo ya sauka, masu ƙidayar sun sake bin agwagi masu launin ƙasa ɗaya bayan ɗaya, wannan karon suna fara duba zama a kan ruwa da tsawon baki kafin launi. Sun sami wasu masu bakin shebur uku da aka riga aka lissafa cikin malad a zagayen farko, dukansu suna kiwo a bakin ciyayi da bakunansu a ruwa. Biyu daga ciki idanunsu launin ƙasa ne, kafaɗunsu toka-toka, kawunansu masu haske, aka rubuta su mata ko 'yan bana. Ta ukun ta shige cikin ciyayi kafin a ga idonta ko fiffikenta, sai aka rubuta jinsinta kawai, aka bar gurbin mace ko namiji babu komai.